Idan tauna ta fara yi maka wuya, ga yadda zaka duba bakinka ka ceci sauran haƙoran

Akwai maganar da nake yawan ji a bakin manyanmu a nan Jidda da Makka, sai kaji Baba ko Hajiya sunce "ni yanzu nama ya fita raina", an kawo kabsa ko mandi sai su ture naman gefe su ci shinkafar zalla, an kawo tsire daga Shara Mansur sai su ce a ba yara. Wani lokacin da gaske ne, amma sau da yawa idan ka bi a hankali zaka tarar taunar ce ta zama azaba, mutum kuma baya so ya faɗa saboda kunya ko saboda tsoron kuɗin likita, sai ya koma shayi da burodin tamis da dabino safe da dare. Wannan abin yana damuna sosai, domin daga nan ne ramewa take farawa, ga rashin ƙarfi, ga suga yana hawa, kowa yana cewa tsufa ne alhali tun daga baki matsalar ta taso kuma akwai abin da za a iya yi.

Kuma ba tsofaffi kaɗai ba fa, ɗan shekara 35 ma zaka ganshi yana tauna ta gefe ɗaya shekara da shekaru.

Fara da gane ko kana cikin matsalar

Ka lura da kanka a cin abinci na kwana biyu ko uku. Shin da gefe ɗaya kake tauna kullum? Akwai abincin da ka daina ci ba tare da ka yanke shawarar dainawa ba, irin kilishi, gyaɗa, karas, tuffa, gasasshen nama? Kana riga kowa tashi daga faranti saboda haɗiya kawai kake yi, ko kuma kai ne na ƙarshe kullum? Sai ka kora kowace loma da ruwa kafin ta wuce? Idan ɗaya daga cikin waɗannan ya faɗa kanka toh ka ɗauki madubi da fitilar waya ka wanke hannu ka duba.

Baligi yana da haƙora 32 idan sun cika, 8 na gaba masu gatsa, fiƙa 4, ƙananan turame 8, sai manyan turame 12 har da guda 4 na can ƙurya da suke fitowa bayan mutum ya girma. Ka ƙirga nawa suka rage maka. Hukumar Lafiya ta Duniya ta daɗe da sa haƙora 20 na asali a matsayin abin da ake so mutum ya riƙe har ƙarshen rayuwa, a Japan ma tun 1989 suka fara wani gangami na cewa mutum ya kai shekara 80 da haƙora 20 a bakinsa. Amma ƙirgen kaɗai baya isa, abin da yafi muhimmanci shine na baya guda nawa ne suke haɗuwa da abokansu idan ka rufe baki. Haƙorin ƙasa da aka cire abokinsa na sama kamar turmi ne ba taɓarya, yana nan dai amma baya daka komai. Don haka ka cije a hankali ka ja kumatu gefe ka ƙirga wuraren da na sama da na ƙasa suka haɗu a baya, dama da hagu. Mutum zai iya samun haƙora 22 amma tauna ta gagareshi saboda giɓin ya saɓa, wani kuma 20 ne dashi kuma yana cin namansa lafiya lau.

Bayan ƙirge sai ka duba dasashi. Lafiyayyen dasashi baya jini idan an goge, baya kumbura, yana rungume da haƙori. Idan kaga haƙoran kamar sun ƙara tsawo, dasashin ne ya ja baya. Ka sa yatsa ka ɗan taɓa kowane haƙori ka ji ko yana girgiɗi. Ka duba baƙin rami, ka duba wani ɗan ƙurji a jikin dasashi da yake kumbura ya fashe ya dawo, wannan alama ce ta ruɓa a gindin haƙori ko da baya ciwo yanzu. Sai ka ɗaga harshe ka duba ƙarƙashinsa da gefensa da cikin kumatu.

Me yake hana taunar

Babban mai kashe haƙoran manya shine ciwon dasashi, wanda mukafi sani da amosanin baki, kuma mugun abu ne domin yawanci baya ciwo sai ya gama ɓarna. Dattin nan mai yauƙi da yake taruwa a bakin dasashi ƙwayoyin cuta ne, idan ba a goge shi ba sai ya daskare ya zama kamar dutse, burushi baya iya cire shi kuma, dasashi ya kumbura, a hankali ƙashin da yake riƙe da haƙori ya rinƙa zaizayewa. Ranar da haƙori ya fara rawa an riga an rasa ƙashi mai yawa, kuma mai rawa ba a iya danna nama dashi, shi yasa mutum yake komawa abinci mai laushi. Rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na 2022 yace kusan kashi 19 cikin ɗari na manya a duniya suna da mai tsananin, sama da mutum biliyan 1 kenan, sannan a cikin waɗanda suka kai shekara 60 kusan kashi 23 cikin ɗari basu da haƙori ko ɗaya a baki.

Masu ciwon suga ku ji wannan da kyau, domin a ƙasar nan da wuya ka shiga gida baka sami mai shi ba. Suga idan bai daidaita ba yana ƙara rura ciwon dasashi, shi kuma ciwon dasashin yana sa suga ya ƙi sauka, suna ciyar da juna ne. Sai kuma mutum ya kasa tauna nama da ganye ya koma kan burodi da shinkafa da shayi mai siga da dabino, sugan ya ƙara hawa. Wanda yake auna suga kullum yana shan magani amma bai taɓa zuwa an wanke masa haƙori ba, wallahi akwai sauran aiki a gabansa.

Na biyu kogon haƙori. Babu wata tsutsa a ciki, ƙwayoyin cuta ne suke cin siga su fitar da tsami ya rinƙa narkar da haƙori, kuma yawan lokutan da siga yake shiga baki yafi yawan sigan kansa illa. Mu nan kofin shayi baya yankewa, a shago a sha, a wajen aiki a sha, bayan magariba a sha, kowane kofi da siga cokali biyu ko uku, ga gahawa da dabino, ga lemon kwalba mai sanyi saboda zafi, azumi yazo ga Vimto da lugaimat har sahur. Duk kurɓa ɗaya sabon hari ne akan haƙori. Shawarar Hukumar Lafiya ta Duniya itace kar sigan da ake ƙarawa ya wuce wajen giram 50 a rana ga baligi, kusan ƙaramin cokali 12 kenan, gwangwanin lemo ɗaya ya kusa cinye wannan. A 2017 gwamnatin Saudiyya ta sa harajin kashi 50 akan lemon gas da kashi 100 akan taba da lemon ƙara kuzari, amma dai har yanzu ana sha. Ga manya kogon yakan fara ne a gindin haƙori inda dasashi ya ja baya, wurin yafi taushi kuma baya ganuwa da wuri.

Na uku bushewar baki, wannan mutane basa ɗaukarsa komai. Yawu ne yake jiƙa loma ya haɗa ta wuri ɗaya ta haɗiyu, shine kuma yake wanke tsamin nan. Zafin Makka da rani yana haura digiri 45, mai aiki a waje yana zufa, mai kwana a ƙarƙashin mukayyif, wato na'urar sanyaya ɗaki, da baki a buɗe yana tashi harshe kamar ba nasa ba, sannan magunguna da yawa suna busar da baki, wasu na hawan jini musamman masu sa fitsari, na mura da ƙaiƙayi, na damuwa. Akwai kuma wani na hawan jini, amlodipine da danginsa, da yake sa dasashin wasu mutane ya yi kauri ya hau kan haƙori. Kar ka daina maganinka da kanka dan Allah, ka gaya wa likitan da ya rubuta maka, sau da yawa akwai madadi.

Sai tsagewar haƙori, masu tauna ƙashi da ƙanƙara da busasshiyar aya da buɗe kwalba da baki. Alamarsa wani zafi kamar walƙiya idan ka cije ko ka saki, ka duba baka ga rami ba. Akwai kuma ciwon gaɓar muƙamuƙi ta gaban kunne, tana ƙara idan an buɗe baki, wannan yakan zo wa masu cizon haƙora cikin barci ko masu tauna ta gefe ɗaya.

Bari in tsaya akan haƙorin Makka, tunda namu ne kuma a nan ake sa shi. Bana cewa kar a yi ado, amma hular ƙarfen nan idan ba a auna ta daidai da haƙorin ba tana barin ɗan gefe inda abinci yake shiga ya zauna, burushi baya kaiwa, haƙorin ya rinƙa ruɓewa a ƙarƙashi ba a gani sai wari ya fara ko dasashin wurin ya yi baƙi yana jini. Idan kuma sai da aka goge lafiyayyen haƙori kafin hular ta shiga toh abin da aka goge baya dawowa har abada. Ga kuma kayan aikin da aka sa a bakin mutum goma ba a dafa ba a lokacin cunkoson alhazai, ta nan ciwon hanta yake iya bi. Hajiya idan kina dashi shekaru kuma wurin yana wari ko jini kije a cire a duba ƙarƙashin, in lafiya ne a mayar yadda ya dace.

Abin da zaka rinƙa yi kullum a gida

Goge baki sau biyu, minti biyu kowane, kuma na dare kafin kwanciya yafi na safe muhimmanci saboda yawu yana raguwa cikin barci. Ka sayi burushi mai laushi, mai tauri yana cinye dasashi da wuyan haƙori. Ka juya bayan kwalin makilin ka duba sinadarin fuloraid, ka nemi wanda aka rubuta 1450 ko dai tsakanin 1000 zuwa 1500, ko wane kantin magani ko shagon unguwa akwai shi kuma ba sai mai tsada ba. Ka karkata burushin ya kalli inda haƙori ya haɗu da dasashi, ka rinƙa ɗan jujjuyawa a hankali, waje da ciki da saman turame. Idan ka gama ka tofar kawai kar ka kuskure da ruwa, a bar maganin ya zauna ya yi aiki, nasan da farko zaka ji wani iri amma ana sabawa. Idan jini ya fito kar ka guji wurin, nan ne ma yafi buƙatar gugar, yawanci cikin sati ɗaya zuwa biyu jinin yana raguwa, in bai ragu ba sai asibiti.

Tsakanin haƙora burushi baya shiga. Tsinken sakace yana fitar da nama ne kawai, dattin yana nan, wasu ma da allura ko tsinken tsintsiya suke yi suna yaga dasashi. Ka nemi zaren sakace, ko kuma ɗan ƙaramin burushin nan siriri na tsakanin haƙora, ga wanda haƙoransa suka fara buɗewa shi yafi, sau ɗaya a rana ya isa.

Asuwaki kuwa ni'ima ce, ga icen arak ɗanye ko ina a ƙofar masallatai da araha, kuma Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gareshi, yace da ba don kar ya tsananta wa al'ummarsa ba da ya umarcesu da shi a kowace sallah. Ka riƙe shi da rana, ka rinƙa yanke kan da ya tsufa, kar ka dirje da ƙarfi gefe da gefe. Sai dai da wuya ya kai bayan turame na ƙurya da cikin haƙoran ƙasa, kuma baya maye gurbin makilin, don haka a haɗa biyun. Gawayi da toka da ɗanyen gishiri a bar su, suna kankare fatar haƙori ne.

Shayi a rage masa siga a hankali, rabin cokali rabin cokali, kuma kayan zaƙi a ci su tare da abinci maimakon a yini ana tsakura. Bayan dabino a kuskure da ruwa saboda yana liƙewa a turame. Mai bushewar baki ya riƙe gorar ruwa yana kurɓa, cingam mara siga ma yana tsinko yawu, amma alawa kar a tsotsa. Taba sigari da shisha da shamma da tumbak duk suna kashe dasashi, shamma da tumbak kuma da ake dannawa a leɓe an san alaƙarsu da kansar baki.

Zuwa wajen likita

Nasan me yake hana mutanenmu, kuɗi ne da takardu da kuma harshe. Amma ka yi lissafi, wankin haƙori da ƙaramin ciko sune mafi araha a duk aikin haƙori, idan aka bari ya kai jijiya kuɗin ya ninka sau da yawa, idan aka cire kuma ana son dasawa sai dubban riyal. Mai aiki a kamfani ya duba taminsa, wato inshorar lafiyarsa, yawanci yana ɗaukar ciko da cirewa har zuwa wani iyaka amma baya ɗaukar dashe, ka kira lambar da take jikin katin ko manhajarsu ka tambaya kafin kaje. Lambar ma'aikatar lafiya 937 ana samun shawarar likita ta waya. Jami'ar Sarki Abdul'aziz a Jidda da Ummul Ƙura a Makka duk suna da kwalejin haƙori inda ɗalibai suke aiki ƙarƙashin malamansu, kaje ka tambayi sharuɗɗan buɗe fayil. Wanda Larabcinsa bai nuna ba ya tafi da ɗa ko maƙwabci. A watan azumi mustausaf, wato ƙananan asibitoci, da yawa suna buɗewa da dare.

Ka tafi da duk kwalayen magungunan da kake sha, musamman na tsinka jini da asfirin da na suga da na ƙarfin ƙashi. Mai juna biyu ta faɗa, kuma cikin baya hana a duba ta. Kar ka ce "a cire min" tun daga ƙofa, wannan ita ce kalmar da ta talauta bakunan mutanenmu. Ka ce tauna ce take baka wuya, ka nuna gefen, ka nemi a yi hoto, sannan ka tambaya ko haƙorin zai cetu da ciko ko kashe jijiya da hula, da nawa ne kuɗin kowanne. Idan ba zaka iya biyan duka lokaci ɗaya ba ka tambayi likita wanne za a fara, ka fifita turamen da suke da abokan haɗuwa. Domin duk haƙorin da aka cire na gefensa yana kwantowa cikin giɓin, na samansa yana zazzagowa, ƙashin wurin yana lotsawa, sai bayan shekaru kaga cizon gaba ɗaya ya canza.

In dai ba makawa sai an cire, ka cije audugar wajen rabin awa, ranar kar ka kuskure baki kar ka sha taba kar ka tsotsi wurin, washegari ka fara kuskurewa a hankali da ruwan ɗumi da ɗan gishiri.

Kafin ka samu zuwa, farasitamol yana rage zafi, kanumfari ma yana ɗan kwantar da shi na ɗan lokaci amma baya warkar da rami. Kar a ɗora asfirin akan dasashi yana ƙona shi, ruwan batir da fetur da turare kuma dan girman Allah kar a kusance su. Maganin kashe ƙwayoyin cuta tun 2018 aka tsaurara a nan ba a bayarwa sai da takardar likita, kuma ko an sha kumburin ya sauka tushen ciwon yana nan.

Akwai abin da baya jiran albashi ya shigo. Fuska ta kumbura tana gangarowa wuya ko tana haurawa ido, ga zazzaɓi, baki baya buɗuwa, haɗiyar yawu ko numfashi yana wuya, wannan ɗakin gaggawa ne a daren, ko a kira motar asibiti a 997, ko takardunka sun cika ko basu cika ba rai ne a gaba. Haka gyambo ko fari ko jan tabo a harshe ko kumatu da ya wuce sati uku bai warke ba, ko da baya ciwo. Idan kuma matsalar a haɗiya take, mutum yana ƙwarewa da ruwa yana tari a kan abinci, musamman bayan shanyewar ɓarin jiki, wannan sai likitan jiki.

Masu haƙoran roba da masu dafa wa dattijai

Haƙoran roba basa kai na asali ƙarfin tauna ko kusa, kuma dasashi yana canza siffa da shekaru sai su fara kwance suna goge baki suna sa gyambo. A koma a gyara su, kar a yi ta haƙuri ko a ajiye su a aljihu lokacin cin abinci. A cire su da dare a wanke da burushi da sabulu a sa a ruwa, kwana dasu yana kawo farin ƙurajen nan a ganɗa kuma yana ƙara haɗarin ciwon huhu ga tsofaffi. Sabon shiga ya yanka abinci ƙanana ya rinƙa tauna ta gefe biyu lokaci ɗaya don kar su karkace.

Ke kuma mai girki, kar ki cire wa Baba nama daga abinci, ki canza masa siffa. Dambun nama mai laushi, niƙaƙƙen nama a miya, farfesun da ya dahu luguf, kifi da aka cire ƙaya, ƙwai, ful, adas, alale, laban da nono ba siga, fura da aka dama sosai, tuwo da miyar kuka ko kuɓewa da aka zuba wa nama dakakke, kabewa da alayyahu da suka nuna. Ayaba da gwanda da kankana suna wucewa ba wahala, tuffa da karas a goga su. Ki rinƙa lura da wuyan rigarsa da zoben hannunsa, idan sun fara yin yawa toh abincin baya isarsa. Wanda kuma yake kwance baya iya goge baki da kansa, a ɗaga masa kai a zaunar dashi, a sa makilin ɗan kaɗan a burushi mai laushi a goge masa safe da dare, a share ragowar da tsumma mai tsabta a duba cikin kumatu kar loma ta kwana a wurin.